Kaka Ba Lokacin Ajiye Fartanya Ba Ne

A ƙasar Holan akwai wani lambu mai suna Keukenhof. Duk shekara, daga watan Oktoba, ma'aikatansa suna binne ƙwayoyin furanni kusan miliyan 7 da hannu. Ƙwayar furen tulip kamar albasa take, kuma ba ta yin fure mai kyau sai ta sha sanyi na wajen wata uku a cikin ƙasa. Shi ya sa suke shuka ta kafin ƙasa ta daskare, su jira har Afrilu.

To, mu fa? Da ruwa ya ɗauke sai mu watsar da lambun makaranta, awaki su ƙarasa abin da ya rage. Alhali salak da karas da kabeji sun fi son sanyin hunturu. A Nuwamba ma manoman rani suke shuka alkama.

Wasu za su ce babu ruwa. Gaskiya ne, amma ruwan alwalar da muke zubarwa kullum a bakin masallaci zai iya shayar da fangali biyu ko uku, idan aka yi masa hanya.

Muna roƙon Shugaban Makaranta da malaminmu na aikin gona su ba kowane aji fangali ɗaya, a kewaye da kara. Iri da ban ruwa kuwa, a bar mana. Idan ba mu shuka yanzu ba, zafin Maris zai same mu hannu wofi.