A Bar Wa Motar Ɗan Kasuwa Tsayinta

Kwanan baya a wani gareji da ke Malanbil na tarar gardama ta kaure tsakanin wani matashi mai sana'ar albasa daga Garu da bakanikensa. Yaron ya sayo mota daga Kwatano, yana son a sauke masa ita ƙasa kamar waɗanda yake gani a waya. Abin da ya kasa yankewa shi ne, a sa masa gajeren sifirin, ko kuwa wanda ake kira koyiloba, wato sifirin da shokazoba a haɗe, mai zare a jiki da ake murzawa a ɗaga mota ko a sauke ta.

Gajeren sifirin ya fi araha, kuma yakan rage wa mota kamar santimita 3 zuwa 4, amma inda ya ajiye ta nan za ta zauna. Matsalarsa ita ce shokazoban da mota ta zo da shi don dogon sifirin aka ƙera shi, saboda haka zai riƙa aiki a takure, kafin a ankara ya fara yoyon mai. Shi kuwa koyiloba ya fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai mai shi na iya mayar da mota sama idan damina ta faɗi. To amma jama'a, wannan zaren da ake taƙama da shi, ƙurar rani da lakar fadamar shinkafa ba sa raga masa. Idan ba a wanke shi ana shafa masa mai, zai cije ya ƙi juyawa, in kuma ya lalace sai an aika Kwatano, tafiyar da ta haura kilomita 700.

Da dole ce a zaɓi ɗaya, da na ce koyiloba. Amma wa ya ce dole ne? Masu wannan ado a Turai suna yi ne don mota ta riƙe kwana a kan kwalta mai santsi, ba kowa a ciki sai direba. Motar ɗan Garu kuwa gona take shiga ta ɗauko albasa, ta bi ta Madekali ta nufi Lolo, kuma bayan rufe gadar Gaya a 2023, lokacin da kaya suka koma bin kwale-kwale, har bakin kogi motoci suka riƙa gangarawa. Buhu uku a baya kaɗai sun isa su zaunar da mota. A ƙara mata da gajeren sifirin, tudun farko da ta haɗu da shi salansa zai daka, na biyu kuma tukunyar baƙin mai da ke ƙasan inji. Idan wannan ta fashe direba bai lura ba, inji ya tafi, albasa kuma ba ta jiran gyara.

Kada dattawanmu su yi wa yaron dariya, domin su ma suna da tasu. Tun zamanin Peugeot 504 akori-kura, ake ƙara wa sifirin baya layi biyu ko uku don a loda abin da ya fi ƙarfin mota. Ƙarin layi yana hana bodi zama kan taya, gaskiya ne, amma bai ƙara wa burki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ba. Nauyin nan yana nan, kuma a gangara yake karɓar hakkinsa.

Abin da na gaya wa yaron shi ne, motar da ta sha tafiya a Turai kafin ta sauka Kwatano, yawanci ƙafafunta sun riga sun gaji. Ya sa kuɗin ya sayi sabon sifirin da shokazoba daidai lambar motarsa, a canza su biyu-biyu, hagu da dama tare, abin da ya rage kuma a sa masa farantin ƙarfe a ƙasan inji.