Wayar Cikin Gidan Kallo: Na'ura Ba Ta Koyar da Ladabi

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗinsa ya shiga gidan kallo ya san wannan mutumin. Fim ya kai inda kowa ya yi tsit, sai wayarsa ta ɗauki ruri. Ba zai kashe ba, ba kuma zai fita ba. Zai amsa sallama, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya yi cinikin buhun shinkafa, sannan ya ce wa mai kiran, da murya mai isa har bayan ɗaki, "Ina wurin kallo ne, zan kira ka." Kafin ya gama, na kusa da shi ya buɗe WhatsApp, hasken wayarsa yana dukan idon duk wanda ke bayansa.

Saboda irin wannan ne ake yawan jin shawarar cewa a kawo na'urar toshe sabis a girka a gidajen sinima da ɗakunan taro, kowa ya huta. Shawara ce mai daɗin ji, musamman ga wanda aka taɓa ɓata wa kallo. Ra'ayina shi ne kada a yi. Na'urar ba ta magance abin da ake kuka da shi, tana cutar da wanda bai ji ba bai gani ba, kuma mu mutanen Arewa maso Yamma mun fi kowa sanin abin da ake nufi da a wayi gari babu sabis.

Yadda na'urar take aiki

Wayar hannu rediyo ce ƙarama. Tana magana da turken sadarwa mafi kusa a kan wani zango na iska da aka ware mata. Abin da na'urar toshewa take yi shi ne ta cika wannan zangon da hayaniya, har wayar ta kasa jin turken, kamar a zo kusa da mutum biyu masu hira a kunna injin niƙa. Ba ta san wayar likita ba, ba ta san ta mai surutu ba. Ba ta kuma san inda bangon ɗaki ya ƙare ba. Idan ƙarfinta ya isa ya rufe ɗaki, to sai ya tsallaka ya taɓa mai shayin da ke bakin ƙofa, da mai POS ɗin da ke rumfar gefe, da gidan da ke bayan katanga. A garuruwanmu, inda gidan kallo yake manne da shaguna da gidajen mutane, wannan hukunci ne na kan mai uwa da wabi.

Sannan iskar ba ta mai gidan kallo ba ce. A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM a Nijeriya, kamfanonin da suka samu suka biya dala miliyan 285 kowannensu. Hukumar NCC ce ke kula da wannan fanni a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003. Wanda ya kunna na'ura ya toshe zangon da wani ya saya, ya shiga gonar da ba tasa ba.

Wasu ƙasashe sun riga mu gwadawa. Faransa ta ba gidajen sinima da na wasan kwaikwayo izinin amfani da irin wannan na'ura a 2004, bisa sharaɗin kada ta hana kiran gaggawa kuma kada ta shafi na waje. Bayan wasu shekaru ta janye izinin. A Amurka haramun ne sayar da ita ko amfani da ita, kuma hukumar sadarwarsu ba ta wasa da lamarin: a 2014 ta ci kamfanin otal na Marriott tarar dala 600,000 saboda toshe Wi-Fi ɗin baƙi a wani ɗakin taronsa. Kafin nan, a 2013, ta nemi cin wani direba tarar kusan dala 32,000, domin 'yar na'urar da ya maƙala a motarsa don kada ubangidansa ya san inda yake ta riƙa rikita wasu kayan aikin filin jirgin saman Newark. Na'urarsa ta toshe GPS ce, ba ta kiran waya ba, amma darasin ɗaya ne: abin da ka watsa a iska ba ya tsayawa inda ka ce ya tsaya. Wannan ba labarin nesa ba ne ga mutanen Ambursa, garin da filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake, inda maniyyatan Kebbi ke tashi zuwa ƙasa mai tsarki. Idan irin waɗannan na'urori suka zama kayan da kowa ke saya a kasuwa ya kunna yadda ya ga dama, ba mai iya cewa ga inda ɓarnar za ta tsaya.

Abin da ba ta iya hanawa

A ce ma doka ta yarda. Me na'urar za ta hana? Kira da saƙo da intanet kawai. Hasken fuskar waya yana nan. Wanda ya sauke waƙoƙi da bidiyo tun daga gida zai kunna abinsa. Mai wasa a waya zai ci gaba. Mafi muni, kyamara ba ta buƙatar sabis. Saurayin da ya ɗaga wayarsa yana naɗar fim daga allo zai naɗa har ƙarshe, ya fita waje ya tura wa duniya.

Wannan na ƙarshen shi ne ainihin ciwon masu shirya finafinan Hausa. Satar fasaha ce ta taimaka wajen kashe kasuwar kaset da faifai, ita ce kuma ta sa wasu furodusoshi suka koma nuna sabon fim a sinima kafin su sake shi, wasu suka koma YouTube. Furodusan da ya zuba miliyoyi ya kai fim ɗinsa sinima a Kano ya fi tsoron wayar da ke ɗauka shiru a kan wadda ke ruri. Na'urar toshewa ba ta da abin da za ta yi masa. Mai tsaron da ke zagayawa da tocila ne zai iya.

Mun ɗanɗana rashin sabis

A farkon watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin jihar Zamfara, maƙwabciyarmu, da niyyar karya lagon 'yan bindiga. Ƙananan hukumomi 13 na Katsina suka bi, sai 14 na Sakkwato, sai wasu sassan Kaduna. Kafin nan, a 2013, an yi haka a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci. Ana iya muhawara a kan ko matakin ya yi amfani ta fuskar tsaro. Abin da ba a muhawara a kansa shi ne yadda talaka ya ji a jikinsa: mutane suna tafiyar kilomitoci don su kira ɗan'uwa, ciniki ya tsaya, kuɗi ba ya shiga ba ya fita, wanda aka kai wa hari ba shi da hanyar neman agaji.

Gwamnati ce ta yi wannan, da hujjar ceton rayuka, kuma duk da haka ya zo da tsada. To ina ga mai gidan kallo ya yi ƙaramin irinsa da hujjar kada a dame mu muna kallo? Ka ɗauki ma'aikaciyar jinya ko likitan asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi wanda yake kan kira. Ka ɗauki magidancin da ya bar matarsa da tsohon ciki, ko manomin da ya bar yaro yana gadin injin ban-ruwa a fadama. Waɗannan mutane suna iya sa wayarsu a shiru, idan ta girgiza su sulale su fita. Na'ura tana ƙwace musu wannan damar saboda laifin wani.

Akwai kuma abin da tarihin sinima a Arewa ya koya mana da jini. A 1951 gobara ta tashi a gidan sinimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu. Babu wayar hannu a lokacin, amma abin lura bai canza ba: gidan kallo wuri ne da ake tara jama'a cikin duhu a rufe su. Yau ana kallo kusa da janareta da jarkar fetur, sau da yawa ƙofa ɗaya ce shiga da fita. A irin wannan ɗaki, a ce lambar gaggawa ta 112 ma ba za ta shiga ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mu ba masu kallon shiru ba ne

Wajibi ne kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da irin kallon da muka gada. Tun zamanin majigi, lokacin da motar gwamnati ke zuwa ta kafa farin ƙyalle a filin gari, akwai mai bayani da ke magana a kan hoton, jama'a kuma suna amsawa. Da aka buɗe Rex a Kano a 1937, sauran gidaje irin su Palace da Plaza da Orion suka biyo baya, mafi yawansu babu rufi. Ana kallon finafinan Indiya ana bin waƙa, ana yi wa jarumi kirari, ana tsine wa mugu. Brian Larkin, wanda ya rubuta littafi a 2008 a kan tarihin sinima da kafofin watsa labarai a Kano, ya nuna yadda gidan sinima ya kasance dandalin hulɗa da hayaniya. Gidan kallon ƙwallo na yau, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, jikan wancan ne. Ba wanda ke zuwa kallon Arsenal da Chelsea don ya yi shiru.

Saboda haka ba hayaniya muke ƙi ba. Hayaniya iri biyu ce. Akwai wadda fim ɗin ya haifa: dariya, salati, tafi, ihun an ci ƙwallo. Wannan ta kowa ce, ita ce ma dalilin da ya sa mutum ya bar wayarsa da talabijin ɗin gidansa ya zo cikin jama'a. Akwai kuma wadda mutum ya shigo da ita daga waje: cinikinsa, rigimar gidansa, hasken wayarsa. Ta farko tana haɗa mutanen ɗaki wuri ɗaya. Ta biyu tana fizge su daga abin da suka biya kuɗi don su gani. Na'ura ba ta iya bambance waɗannan. Mutum yana iyawa.

Abin da ya kamata a yi

Mun riga mun san hanyar, domin muna ganinta kullum. A masallatanmu ba a cika girka na'ura ba. An rubuta a bango, liman yana tunatarwa kafin kabbara, wanda wayarsa ta yi ƙara a sahu yana jin kunyar da ta fi tara zafi. Ba a rasa mai mantuwa, amma ƙa'idar ta zauna, domin kowa ya san ta kuma kowa yana tsaron ta.

Gidan kallo yana iya yin kwatankwacin haka. A faɗi ƙa'ida a bakin ƙofa da kan allo kafin a fara, da Hausa, a fili: waya a shiru, mai kira ya fita, mai ɗauka za a fitar da shi. A sa ma'aikaci a cikin ɗaki wanda aikinsa ke nan, kuma mai gida ya tsaya masa ko da wanda ya karya ƙa'idar babban mutum ne. Nan ne gizo ke saƙar, domin a wurinmu doka takan yi laushi idan ta zo kan mai babbar riga. Gidajen sinimar Alamo Drafthouse a Amurka sun yi suna da korar duk wanda ya ci gaba da taɓa waya bayan gargaɗi, ba tare da mayar masa da kuɗinsa ba, kuma wannan tsaurin ya zama abin da suke tallata kansu da shi. A ɗaya gefen, lokacin da shugaban kamfanin AMC ya furta a 2016 cewa suna tunanin barin matasa su riƙa aika saƙo a wasu ɗakuna, masu kallo suka yi masa ca, cikin 'yan kwanaki ya janye. Mutane suna son a tsare musu kallonsu, kuma suna biya don haka.

A kuma dawo da hutun tsakiya, irin wanda masu kallon finafinan Indiya suka sani. Minti goma sun isa mutum ya duba wayarsa, ya mayar da kira, ya sha ruwa. A tsara lokutan nuni yadda ba za su ci karo da Magariba da Isha'i ba. Ranar nuna sabon fim, inda tsoron sata ya fi yawa, ana iya amfani da jakar kulle waya irin ta kamfanin Yondr: wayar tana hannun mai ita, tana karɓar kira, amma sai ya fita waje za a buɗe masa.

Daga nan sai masu gidajen su dubi nasu laifin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fim ɗin da aka ce ƙarfe takwas ya fara tara saura, janaretan da ya fi lasifika ƙara, zafi, hayaƙin taba, kujerar da aka sayar wa mutum biyu, ƙofa ɗaya tilo: duk waɗannan suna korar masu kallo fiye da ƙarar waya. Mutumin da aka bari yana jira minti arba'in cikin zafi, wayarsa zai ciro, kuma ba lalle ya mayar da ita ba idan an fara.

Kuɗin da za a kashe a sayo na'ura ta bayan fage, a biya matashi ɗaya albashi da shi ya tsaya a cikin ɗaki, a sayi abin kashe gobara, a fasa bango a yi ƙofa ta biyu. Mu kuma masu shiga, kafin a kashe fitila kowa ya sa hannu a aljihu ya yi abin da yake yi a ƙofar masallaci.