Megafiksel 108 ko fim mai ISO 50: wanne zai ajiye wa jikoki fuskar Kaka?

A shagunan waya na PZ a Sabon Gari, bayan farashi, tambayar da aka fi yi ita ce: "Megafiksel nawa ce?" Idan aka ce 108 sai mai saye ya gyaɗa kai. Amma galibin wayoyin nan suna haɗa fiksel tara su zama ɗaya, hoton ya fito a megafiksel 12. Daga nan manhaja ta goge fata, ta ƙara kaifi, ta cike abin da idon kyamarar bai gani ba. A shekarar 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan hotunan wata na wayoyin Samsung, bayan wani ya nuna cewa manhajar tana ƙara wa watan zanen da babu shi a abin da aka ɗauka. In an tura hoton ta WhatsApp kuma, a sake matse shi.

Ga hoton suya ko na sabon takalmi, wannan ba komai ba ne. Amma akwai hotunan da ba a ɗauka sau biyu: tsohuwar da ta haura tamanin zaune a tsakar gida a Hanwa, ko zauren ƙasa da za a rushe baɗi a ɗora bulo. Irin waɗannan sun cancanci fim baƙi da fari mai jinkiri, kuma matasan Zariya sun fi mutane da yawa dacewa da shi.

Fim mai jinkiri shi ne wanda lambar ISO ɗinsa ƙarama ce, kamar Ilford Pan F Plus mai 50, ko Adox CMS 20 II na Jamus mai 20. Ƙwayoyin azurfar da ke jikinsa ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa yake buƙatar haske mai yawa, kuma shi ya sa yake kama zare-zaren aikin hula da tsagar fuska dalla-dalla. Kamfanin Adox yana cewa fim ɗinsa na iya rarrabe layuka 800 a cikin milimita ɗaya, abin da ya fi ƙarfin gilashin yawancin kyamarori. Abin da haske ya taɓa shi kaɗai ke zama a jikin fim. Babu manhajar da ke yin hasashe.

Masu hoto a Ingila kan yi fama da irin wannan fim saboda gizagizai. A Samaru kuwa rana kyauta ce. Akwai tsohuwar ƙa'ida: a rana tsaka, a sa ƙofar haske a f/16, saurin ɗauka ya yi daidai da lambar ISO. Ga fim mai 50, wannan na nufin 1/60 na daƙiƙa, ko f/8 a 1/250, wanda ya isa a riƙe kyamara a hannu. Hoton mutum ya fi kyau da hantsi ko bayan la'asar, domin ranar azahar tana ƙona goshi ta baƙanta idanu. A inuwar zaure kuwa sai an kafa kyamara a kan ƙafa.

Wankin ma ba ya buƙatar ɗakin duhu. Jaka mai hana haske, ƙaramin tanki, ma'aunin zafi da sinadarai uku sun wadatar: na fito da hoto, na tsayar da shi, da na tabbatar da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Lokutan da kamfanoni ke rubutawa an auna su ne a digiri 20, ruwan rijiya kuwa a watan Afrilu ya wuce haka nesa. Ƙanƙarar leda tana maganin wannan, ko a jira safiyar hunturu. Sai dai hunturu na zuwa da ƙura, ita kuma in ta manne wa jiƙaƙƙen fim ta zauna ke nan. Dabarar ita ce a yayyafa ruwa a banɗaki, a rufe ƙofa, a shanya shi a ciki. Pan F yana da wani hali: in an ɗauka aka ajiye watanni ba a wanke ba, hoton yana dusashewa. Shi kuwa CMS 20 yana son sinadarinsa na musamman, Adotech, don haka ɗan koyo ya fara da wanda ya fi sauƙi.

Masu cewa abin da tsada suna da gaskiya. Fim da sinadari daga waje ake kawo su, da dala ake biya, kuma naɗi ɗaya hoto 36 ne kacal. Amma ba wanda ya ce a jefar da waya. Abokai huɗu za su iya haɗa kuɗin tanki da tsohuwar kyamara, kowa ya ɗauki naɗi ɗaya a shekara, ranar Sallah da dangi suka taru.

Masu cewa komawa baya ne kuwa, su dubi GitHub. A 2020, da kamfanin ya so ya adana manhajojin duniya na shekara dubu, bai zuba su a hadis ba. Ya buga terabayit 21 a kan naɗin fim 186, ya kai su wani tsohon ramin haƙar kwal a Svalbard, ƙasar Norway. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a fim baƙi da fari a 1968, har yau ana buga hotunan ana rataye su a manyan gidajen tarihi. Hoton da aka ɗauka da wayar 2014 fa, yana ina? Waya ta faɗa ruwa, mamori ya ƙone, an manta kalmar sirrin imel. Google Photos ma ya daina ba da ma'aji kyauta marar iyaka tun watan Yunin 2021.

Nagetif ba ya neman caji, data ko kalmar sirri. A yau ana iya ɗora shi kan farin allo a ɗauke shi da waya a tura wa dangi. Bayan shekara ashirin, da na'urar da ta fi ta yau, jika zai sake ciro abin da wayar yanzu ta kasa gani a jikinsa. Abin da yake buƙata kawai shi ne ambulan mai tsabta da akwatin da gara da danshin damina ba sa shiga.