Ɗalibi da Binciken Gyaran Ƙwayoyin Gado: Ina Iyakar Shari'a?



Wani uba daga Ƙofar Kwaya cikin birnin Katsina ya aiko mana da tambaya. Ɗansa yana karatun ilmin halittu a jami'a, in an tashi darasi kuma sai ya bi wani malaminsu ɗakin bincike, suna koyon gyaran ƙwayoyin gado, ba don jarrabawa ba. Yana tsoron kada yaron ya shiga canza halittar Allah. Shin ya hana shi?

To, malamai sun ce ba a hukunta abu sai an san shi. Ƙwayoyin gado su ne rubutun da Allah Ya ajiye cikin jiki, wanda ɗa ke gada daga uwa da uba. A 2012 wasu mata biyu masana, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, suka bayyana wata dabara mai suna Kirisfa, wadda ke yanka wannan rubutu daidai inda ake so, kamar almakashi. Sun sami lambar Nobel a 2020. Ɗalibai ma ba baƙi ba ne a wannan fage, gama tun 2004 ake gasar iGEM, inda 'yan jami'a ke gwada irin wannan aiki a kan ƙananan halittu.

Ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne ciwon sikila, watau amosanin jini. Ana ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da shi a Nijeriya kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka yarda da magani mai suna Casgevy: a ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga maras lafiya, a gyara su, a mayar masa. Amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda. Wane uba ne cikinmu zai iya? In 'ya'yanmu ba su koyi wannan ilmi ba, wa zai kawo mana shi da araha?

Saboda haka muna ganin neman sa farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya mata ta faɗi a kan saura. Hadisi ingantacce ya nuna Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, ya kuma umurce mu da neman magani. Katsina kuwa ba yau ta fara ba: Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, malamin addini ne, kuma gwanin lissafi.

Sai dai akwai iyaka. Suratun Nisa'i ta bayyana cewa canza halittar Allah yana daga abin da Shaiɗan ke umurni da shi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1998, ta halatta wannan ilmi don rigakafi da magani, muddin cutarwarsa ba ta rinjayi amfaninsa ba, ta kuma haramta wasa da halittar mutum da sunan kyautata iri. Gyaran jikin maras lafiya da yardarsa magani ne, kuma ya tsaya a kansa. Taɓa maniyyi ko ƙwan mace ko ɗan tayi kuwa yana bin zuriya, wadda ba a shawarce ta ba, alhali kiyaye nasaba yana cikin manyan manufofin shari'a. A 2018 wani masani a ƙasar Sin, He Jiankui, ya yi haka, aka haifi tagwaye mata. Masana duniya suka la'anci aikin, kotu ta ɗaure shi shekara 3.

Amsarmu ke nan: kada a hana yaro, a dai ja masa kunne. Ya yi aiki ƙarƙashin malami, da izinin hukumar da dokar Nijeriya ta ɗora wa lura da irin wannan bincike tun gyaran 2019. Kada ya ƙara ko ya rage cikin sakamako, gama ƙarya a nan rai take ci. Kada kuma ɗakin bincike ya cinye masa salla ko darasin da aka tura shi yi.

Mu kuma iyaye, kafin maganin ya iso, akwai na hannu: gwajin jini kafin ɗaurin aure, wanda Jihar Kano ta mai da doka a 2024. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na sikila. Rigakafi ya fi magani.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.