Tsugune Ba Ta Ƙare Ba: Ire-iren Tiyatar Rage Ƙiba da Rayuwar da ke Biyo Bayanta

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana kallon ƙiba da idon sha'awa. Magidancin da ya ajiye teɓa akan ce daula ta zauna masa, amaryar da ta murmure a ɗakin miji kuwa shaida ce ta cewa ana kula da ita. Amma kuma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa ƙiba idan ta wuce kima cuta ce mai janyo 'yan'uwanta, kamar ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da ciwon gwiwa da sarƙewar numfashi cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ita, wato sama da mutum biliyan ɗaya ke nan.

Daga cikin hanyoyin da ake bi don magance matsananciyar ƙiba, babu wadda ta kai tiyata tasiri. Shi ya sa masu hali daga Nijeriya sukan haɗa da ita cikin abubuwan da ke kai su asibitocin Indiya da Masar da Turkiyya, ana kuma yin ta a wasu 'yan asibitoci na cikin gida. Tambayar da mai neman wannan aiki ya fi yi ita ce, wace tiyata ce ta fi zubar da nauyi? Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa akwai tambayar da ta riga wannan muhimmanci, wato wace tiyata ce mutum zai iya ɗaukar ɗawainiyarta har ƙarshen rayuwarsa, a garin da yake zaune, da aljihun da yake da shi.

Wa Ake Yi wa Tiyatar?

Likitoci suna da ma'aunin da suke gane ƙiba da shi. Akan ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba shi da tsawonsa a mita sau biyu. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 120 ma'auninsa ya ɗara 41, alhali na mai matsakaicin jiki bai kai 25 ba. A shekarar 1991 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Amurka ta yanke cewa a yi tiyata ga wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 idan ƙibar ta haifar masa da wata cuta. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da mizanin zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa. Ke nan aikin magani ne na marar lafiya, mai neman ado ba shi da rabo a cikinsa.

Darasin Tiyatar Farko

A cikin shekarun 1950 likitoci a Amurka suka fara wata tiyata ta tsallake mafi yawan ƙaramin hanji, ta yadda abinci zai wuce ba tare da jiki ya tsotsi amfaninsa ba. Nauyi kam ya zube ƙwarai da gaske, likita da majiyyaci duk suka yi murna. Da tafiya ta yi nisa sai aka ga masu aikin suna fama da gudawa marar yankewa da tsakuwar ƙoda da lalacewar hanta, har wasu suka rasa rayukansu, tilas aka yi watsi da ita. Abin da wannan tarihi ya koyar shi ne, sikeli kaɗai ba ya isa shaidar nasarar tiyata, sai an jira shekaru an ga yadda jiki ya kwana.

Ire-iren Tiyatar da Ake Yi

Ta farko ita ce tiyatar zobe. Akan ɗaura wani zoben roba a saman tumbi, ya tsuke shi, ta yadda ɗan abinci kaɗan zai sa mutum ya ji ya ƙoshi. Ba a yanke komai, kuma ana iya cire zoben, don haka ta samu karɓuwa sosai bayan da Amurka ta amince da ita a 2001. Sai dai nauyin da take zubarwa bai kai na sauran ba, ga shi tana bukatar a riƙa komawa wurin likita yana tsuke zoben ko sassauta shi. Zoben yakan zame, ko ya ci jikin tumbi, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka sa wa sun koma an cire musu. A yau kasuwarta ta mutu murus a yawancin ƙasashe.

Ta biyu ita ce tiyatar hannun riga. A nan akan yanke kimanin kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire shi gaba ɗaya, a bar wani siririn bututu mai siffar ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin girelin mai tayar da yunwa, saboda haka sha'awar abinci takan ragu. Ba a taɓa hanji, aikin bai da tsawo, wannan ya sa ta zama wadda aka fi yi a duniya a yau. Aibinta biyu ne: abin da aka yanke ba ya dawowa, sa'an nan kuma tana iya haifar da ƙwannafi ko ta tsananta wanda ake da shi.

Ta uku ita ce tiyatar ratse, wadda Edward Mason na Jami'ar Iowa ya ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1960. Akan ware wata 'yar jaka a saman tumbi da ba ta wuce girman ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya ratse ya bar sauran tumbin da farkon hanji. Tun daga 1993 aka fara yin ta ta 'yan ƙananan huda-huda da taimakon madubi, ba sai an tsaga ciki ba. Ta fi hannun riga ƙarfi a kan ciwon sukari, kuma tana kwantar da ƙwannafi. To amma wurin da abinci ya tsallake nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da na kalsiyam, don haka ƙarancin jini da raunin ƙashi suna fakon wanda ya yi sake. Har ila yau akwai haɗarin gyambo a mahaɗar jakar da hanji, da kuma harɗewar hanji ko da bayan shekaru.

Ta huɗu ita ce tiyatar dogon ratse, wadda ta samo asali daga aikin Nicola Scopinaro na ƙasar Italiya a 1979, daga baya aka yi mata gyare-gyare. Ta haɗa rage tumbi da tsallake mafi yawan hanji. Babu wadda ta kai ta zubar da nauyi, babu kuma wadda ta kai ta barin mutum cikin haɗarin ƙarancin furotin da bitamin, ga yawan zawo mai maiƙo. Saboda haka ba a cika yin ta ba sai ga wanda ƙibarsa ta kai intaha.

Abin da Bincike Ya Nuna

Babban bincike a kan wannan al'amari shi ne wanda aka fara a Suwidin a 1987, inda aka bi diddigin mutum kimanin 2,000 da aka yi wa tiyata, aka kwatanta su da wasu kimanin 2,000 da ba a yi wa ba. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna cewa mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa aiki. Masu ratse sun zubar da kimanin kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a shekaru biyun farko, amma bayan shekara goma abin ya tsaya a kashi 25; masu zobe kuwa daga kashi 20 suka koma 14. Wato dai wani abu daga nauyin yana dawowa, ko da wace tiyata aka yi.

Dangane da ciwon sukari, wani gwaji da aka yi a Cleveland ta Amurka a kan mutum 150 ya nuna a 2017 cewa bayan shekara biyar, kashi 29 cikin 100 na masu ratse da kashi 23 na masu hannun riga sukarinsu ya sauka inda ake so, alhali na masu shan magani kawai kashi 5 ne. A 2018 kuma aka fitar da sakamakon gwaje-gwaje biyu daga Suwizalan da Finlan da suka gwama ratse da hannun riga. Ratse ta ɗan fi zubar da nauyi, amma tazarar ba ta da yawa. Inda bambancin ya fito fili shi ne ƙwannafi, domin a gwajin Suwizalan ya tsananta ga kusan kashi ɗaya cikin uku na masu hannun riga. Mutuwa a sanadin aikin kansa kuwa, a hannun ƙwararru, ba ta wuce mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu ba, kwatankwacin aikin cire matsarmama.

Rayuwa Bayan Tiyata

A nan ne gizo ke saƙa. Makonnin farko mutum ruwa-ruwa zai sha, daga nan ya koma abinci mai laushi, sai bayan kamar mako shida ya fara taɓa abinci sosai. Daga ranar nan kuwa malmalar tuwo ta fi ƙarfinsa, 'yan lomomi ne zai tauna su yi laushi, ya fara da nama ko kifi ko ƙwai ko wake, domin jikinsa na bukatar furotin aƙalla giram 60 kowace rana. Ba zai kora abinci da ruwa ba, sai ya jira kamar rabin awa. Mai ratse idan ya kwankwaɗi fura da sukari ko lemon kwalba, zaƙin yakan zubo cikin hanji bagatatan, sai zufa ta karyo masa, zuciya ta yi ta bugawa, jiri da zawo su biyo baya.

Bugu da ƙari, shan bitamin ya zama farilla har abada, musamman B12, wanda sau da yawa allurarsa ake yi duk wata uku, da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin D, tare da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda amai ya dame shi na makonni yana iya rasa bitamin B1, abin da kan taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi idan ba a yi hanzari ba. Mai ratse zai ƙaurace wa magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ake saya a kowane kemis ba tare da takardar likita ba. Gashi yakan zube a watannin farko, tsakuwa na iya fitowa a matsarmama, fata kuma takan saki. Mace ana shawartarta da ta jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, wanda ba ƙaramin al'amari ba ne a wurin da dangin miji ke ƙirga wa amarya watanni. Haka nan likitoci kan hana azumi a watannin farko saboda gudun ƙafewar ruwan jiki, bayan nan ma sai da shawararsu.

Akwai kuma ɗawainiyar zaman jama'a. A ƙasar Hausa ƙin cin abincin mutum raini ne, baƙon da ya yi loma uku ya tsame hannu sai an tambaye shi ko miyar ce ba ta yi ba. Wanda ya zube cikin 'yan watanni kuwa ba zai rasa masu zunɗensa ba, wasu su ce muguwar cuta ce, wasu su ce sammu ne, wasu su ce karayar arziki. Mutumin da iyalinsa ba su fahimci abin da aka yi masa ba zai sha wuya a gaban akushi fiye da yadda ya sha a gadon asibiti.

Idan aka tara waɗannan duka, za a ga inda haɗarin tafiya waje yake. Mutum ya sayar da fili, ya tafi a yi masa aiki, ya kwana biyar ko shida a sallamo shi, ya dawo garin da likitan da zai duba shi bai taɓa ganin cikin da aka yi wa ratse ba. Ɗinkin tumbi yana iya yoyo bayan ya sauka daga jirgi, ƙarancin wasu bitamin kuwa yana iya ɓoyewa sai bayan shekara biyu ko uku ya bayyana, lokacin da kuɗi sun ƙare kuma an daina sayen magani. Irin wannan shi ne a sayar da biri a sayi kare.

Masu Suka

Wasu na ganin tiyata hanyar rago ce, wai mutum ya kama bakinsa ya motsa jiki ya wadatar. Wannan magana ta yi wa masu fama da cutar rashin adalci, domin jiki yakan yaƙi rama ta hanyar ƙara yunwa da rage ƙona abinci, shi ya sa a binciken Suwidin waɗanda ba a yi wa aiki ba nauyinsu kusan bai motsa ba cikin shekara goma. Wasu kuma na cewa sababbin allurai sun kashe kasuwar tiyata. Gaskiya ne allurar semagulutayid, wadda Amurka ta amince da ita don rage ƙiba a 2021, tana zubar da kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi, ga kuma wadda ta biyo ta a 2023 mai kaiwa kashi 20. Amma suna da tsada, kuma nauyi yakan dawo idan an daina, ke nan su ma ɗawainiya ce mai tsawo.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, babu tiyatar da za a naɗa wa sarauta a kan sauran. Mai tsananin ƙwannafi ko ciwon sukarin da ya daɗe, ratse ta fi dacewa da shi, muddin yana da halin bitamin da gwajin jini. Wanda ba ya rabuwa da maganin ciwon gaɓoɓi, ko yake nesa da babban asibiti, hannun riga ta fi masa sauƙin riƙo, ko da yake ita ma ba ta yafe bitamin ba. Zobe da dogon ratse kuwa ba su dace da wanda ba shi da ƙwararren likita kusa ba. Kafin mutum ya biya kuɗin jirgi, ya kamata ya san sunan likitan da zai riƙa duba shi a gida, da inda zai yi gwajin jini, da abin da bitamin za su ci masa a shekara, ya kuma zaunar da iyalinsa ya yi musu bayani. Wajibi ne kuma asibitocin koyarwa su horar da likitoci da masana abinci a kan kula da waɗanda suka dawo da irin wannan aiki, tun da tafiyar dai ba za a daina ba. Wanda ya kasa amsa waɗannan tambayoyi gara ya dakata ya ƙara shiri, kada garin neman gira ya rasa ido.