Kafin a rufe maka inji, ka ce a auna kiranshaf

1/ Jama'a, yau maganar babur zan yi, musamman 'yan acaɓa da masu Boxer da Jincheng. Idan an taɓa buɗe maka inji aka canza konrod, bayan wata biyu boris ya sake yin ƙara, tsaya ka karanta kafin ka zagi mai sayar da kaya. Sau da yawa ba boris ɗin ne jabu ba.

2/ Kiranshaf na ƙananan babura masu silinda ɗaya ba ƙarfe guda ba ne. Ɓari biyu ne, aka haɗa su da wani guntun fin a tsakiya, konrod yana rataye a jikinsa. In za a canza konrod, dole a raba su da injin matsa, a sake haɗawa. Nan ake samun matsalar. Ɓari biyun ba sa komawa kan layi ɗaya da kansu, sai an daidaita.

3/ In ba su daidaita ba, bakin kiranshaf ɗin yana ɗan rawa yayin da yake juyawa. Ana auna rawar ce da agogon awo: a ɗora kiranshaf kan ƙarafa biyu masu siffar V, a jingina bakin agogon a jikinsa, a juya a hankali, a duba inda allura ta kai da inda ta dawo.

4/ To nawa aka yarda da shi? Ya danganta da injin. A littattafan gyaran Yamaha da yawa za ka ga 0.03 na milimita. A ƙananan Honda irin su Cub iyakar ita ce 0.10. Takardar da kake rubutu a kai kaurinta wajen 0.10 ɗin ne. Wato muna maganar abin da bai kai kaurin takarda ba.

5/ Shi ya sa nake dariya in bakanike ya juya kiranshaf a hannu, ya kanne ido ɗaya, ya ce “oga wannan ya miƙe.” Maigida, da wane idon? Ina girmama masu gyara, wallahi wasunsu da kunne kawai suke gane ciwon inji. Amma ido ba ya ganin 0.05.

6/ Wani zai ce, to ɗan wannan abu me zai yi? Yi lissafi. Inji yana juyi 6,000 a minti, sau 100 ke nan a kowace daƙiƙa. Kowane juyi, rawar nan tana dukan boris, tana tauna sil. Ɗan acaɓa kuma daga asuba har isha'i yake kan hanya. Sai ka ga bakin mai yana tsattsafowa ta gefen maganeto, hannunka yana mutuwa a kan kan babur saboda girgiza, kusoshi suna kwancewa da kansu.

7/ Ni ma ta faru da ni. Sau biyu ina canza boris a babur ɗina cikin wata huɗu, ina ta zargin kasuwa. Sai wani dattijo mai injin dira ya ce in kawo kiranshaf ɗin. Yana ɗora agogo, allura ta yi tsalle ta wuce iyaka nesa. Ya ɗauko gudumar tagulla, ya buga, ya auna, ya sake bugawa, ya auna. Bai kai rabin awa ba. Ya ce, “Yaro, kuɗin da ka kashe a boris ya isa sayen agogon nan.”

8/ Ga inda nake saɓawa da wasu masu gyaran da ma suna da agogon. Lambar da ke littafi iyaka ce, wato daga nan abu ya lalace. Ba ita ake nema ba. In littafi ya ce 0.10, ka haɗa sabon aiki ya tsaya a 0.09, ka ce ya ci jarrabawa, ka ba mutum injin da ke bakin rami. Sabon haɗi ya kamata a kore shi ƙasa sosai, 0.02 ko 0.03 in hannu ya ƙware.

9/ Kuma ko an daidaita, ana iya ɓata shi wajen sakawa. Duk wanda ka ga yana dukan bakin kiranshaf da guduma don ya cire maganeto, ko yana dankara shi cikin kasko da ƙarfi, ya rusa aikin da aka yi. Akwai abin zare maganeto na musamman, ba tsada gare shi ba.

10/ A yi adalci dai: ba kowace girgiza ce daga kiranshaf ba. Inji mai silinda ɗaya da ma yana girgiza, haka aka yi shi. Fara duba kusoshin da ke riƙe inji da sarƙa kafin ka ce a farke maka komai.

11/ Amma ranar da aka farke, aka taɓa konrod, ka tambayi lamba. “Nawa agogo ya nuna?” In ya ce ba shi da agogo, ba faɗa ba ne. Karɓi kiranshaf ɗinka a leda, kai wa masu injin dira su auna, ka dawo masa da shi ya rufe.