A Daina Koya Mana C++ Irin Na Jiya

'Yan uwana ɗalibai masu koyon harshen C++, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau yadda ake koya mana wannan harshe sai ka ce duniya ta tsaya a shekarar 1998.

A zangon da ya wuce an ba mu aikin rubuta shirin da ke gano ko saƙo ya lalace a hanya, ta dabarar CRC-32. Shirin yana bukatar jadawali mai lambobi 256, kuma lambobin nan ba su canzawa har abada. Abokaina suka sa shirin ya riƙa cika jadawalin duk sa'ad da ya tashi. Ni kuwa sai na rubuta lambda, watau ɗan aiki marar suna da ake rubutawa a daidai inda ake bukatarsa, na kira shi nan take, na aza kalmar constexpr a gaban jadawalin. Manufata ita ce kamfaila, mai juya rubutunmu zuwa harshen inji, ya gama lissafin tun yana cikin fassara. Kwamfutar ɗakin gwaji ta ƙi karɓa, aka zabge mini maki.

Alhali kuwa laifin na tsohon kamfaila ne. Lambda da constexpr tare suka shigo a ƙa'idar 2011, amma aka hana su haɗuwa, sai ƙa'idar 2017 ta ɗage hanin. GCC tun fitowarsa ta 7 ya iya wannan, daga ta 11 ma ba sai an roƙe shi ba.

Wani zai ce ai lambobi 256 ƙiftawar ido ce ga kwamfuta. Haka ne, kuma ba sauri ne hujjata ba. Lissafin da ake yi lokacin fassara ba a barinsa ya yi ɓarna a ɓoye. In lambda ya zarce iyakar jadawali ko da taki ɗaya ne, kamfaila zai tsaya cak ya nuna layin. A shirin da ke gudana kuwa, irin wannan kuskure kan shige shiru ya taka abin da ke maƙwabtaka da shi, sai ranar gabatar da aiki ya tona asirin mutum. Na yarda saƙonnin kuskuren dogaye ne, suna razana sabon shiga, amma don haka ne ake da malamai.

Ina roƙon wakilanmu na ƙungiya su kai wa sashe wannan kuka, a sabunta kamfailan ɗakin gwaji kafin jarrabawa. GCC kyauta ne, ko sisi ba za a kashe ba.